ETANOL: MAN MOTA DAGA GONA, RIBARSA DA HASARARSA GA MUHALLI



Muna godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ba mu damar tsayawa gabanku domin mu yi magana a kan wani al'amari wanda ya sake dawowa bakin jama'a tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya ran 29 ga Mayu 2023, watau neman abin da za a riƙa zuba wa mota a maimakon fetur. Cikin abubuwan da ake ambata akwai etanol, man da ake samu daga rake da masara da rogo. Masu yabonsa suna cewa shi ne man da ba ya ɓata duniya, tun da yake daga gona ya fito. Masu kushe shi kuwa suna cewa ƙona abinci ne a cikin inji alhali mutane suna kwana da yunwa. Abin da muke so mu nuna a yau shi ne, kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma wanda ya tsaya duba hayaƙin salansa kaɗai ba zai iya raba gardamar ba. Sai an koma gona da masana'anta an tambaya: da me aka yi man, da wace wuta aka dafa shi, me kuma ke bisa ƙasar kafin a mai da ita gonar mai?

MENE NE ETANOL?

Etanol ba baƙon abu ba ne. Shi ne sinadarin nan mai sa maye a cikin giya, ana kuma amfani da shi a asibiti wajen kashe ƙwayoyin cuta. Yadda ake yin sa shi ne a matse ruwan rake, ko kuwa a niƙa masara a dafa har sitacinta ya rikiɗe ya zama sukari, sannan a zuba yis a bar shi ya tsima. Yis zai cinye sukarin ya bar etanol gauraye da ruwa. Daga nan sai a ɗora tsimin a wuta. Da yake etanol yana tafasa tun zafi bai wuce digiri 78 ba, ruwa kuwa sai ya kai 100, shi ne zai fara tashi ya zama tururi, sai a kama tururin a sanyaya shi. Muna roƙon a riƙe wannan mataki na dafuwa a zuci, gama yana cin wuta ƙwarai, za mu kuwa komo kansa. A Amurka doka ta wajabta a zuba wa man ɗan fetur tun bai bar masana'anta ba, don kada wani ya sha.

Galibi ba a zuba shi zalla, sai dai a gauraya da fetur. Kashi 10 cikin 100 shi ne gaurayen da ya fi yaɗuwa, wanda ake kira E10. Ya kamata kuma a sani cewa ƙarfin lita guda ta etanol bai wuce kashi biyu bisa uku na ƙarfin litar fetur ba. Saboda haka ne direbobin Birazil suke da wata ƙa'ida tasu: muddin kuɗin etanol ya haura kashi 70 cikin 100 na kuɗin fetur, to, sayen fetur ya fi sauƙi.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Ƙasashe biyu ne suke yin kusan kashi huɗu bisa biyar na man etanol na duniya, watau Amurka da Birazil, kuma ba don kishin muhalli ɗayansu ta fara ba.

Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na watan Oktoba 1973, kuɗin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Abin da ya zame mana arziki a nan ya zame wa Birazil masifa, domin a lokacin kusan kashi 80 cikin 100 na man da take sha daga waje take sayowa. Amma tana da rake, tana kuma da ƙasar noma. A watan Nuwamba 1975 gwamnatin Janar Ernesto Geisel ta kafa shirin ƙasa na etanol mai suna Proálcool. A 1979 kamfanin Fiat ya fito da mota ƙirar 147 mai shan etanol zalla, kafin tsakiyar shekarun 1980 kuwa kusan tara cikin goma na sababbin ƙananan motocin da ake sayarwa a ƙasar irin wannan mai suke sha. Sai fetur ya yi araha, sukari kuma ya yi tsada, masu masana'anta suka juya rakensu ga sukari, aka shiga ƙarancin etanol a 1989 da 1990, jama'a suka dawo daga rakiyarsa. Abin bai farfaɗo ba sai a 2003, sa'ad da kamfanin Volkswagen ya fito da motar da ke shan fetur ko etanol ko gaurayensu, yadda mai ita ya ga dama. A watan Agusta 2025 aka ɗaga gaurayen etanol a fetur ɗin da ake sayarwa a Birazil zuwa kashi 30 cikin 100.

Ita kuwa Amurka da masara ta dogara. Dokokin makamashi na 2005 da 2007 suka wajabta wa kamfanonin mai gauraya etanol, don a rage dogaro ga man waje, a kuma sama wa manoma kasuwa. A yanzu tana yin wajen lita biliyan 60 a shekara, abin da ke cinye fiye da sulusin masarar da take nomawa.

ALHERIN DA KE CIKINSA

Na farko, kuma wanda aka fi kafa hujja da shi, shi ne batun iskar kabon mai haddasa ɗumamar duniya. Kowace litar fetur da aka ƙona tana sakin wajen kilo 2.3 na wannan iska, kabon ɗin kuwa ya shekara miliyoyi binne a ƙarƙashin ƙasa kafin a haƙo shi, saboda haka ƙari ne a kan abin da ke sama. Shi ma etanol yana sakin iskar kabon idan ya ƙone, sai dai wadda raken ko masarar ta zuƙa ne daga iska sa'ad da take girma, kuma shukar baɗi za ta sake zuƙe ta. Kamar rance ne da ake karɓa da damina a biya da kaka.

Na biyu, etanol yana hana fetur kama wuta a cikin inji kafin lokacinsa, abin da ke sa inji ƙara da lalacewa. Tun daga 1923 kamfanonin Amurka suka zaɓi su magance wannan matsala da sinadarin dalma, ko da yake an riga an san etanol yana yin aikin. Dalmar nan ta yi ta fita ta salansa tana shiga jinin mutane, tana dakushe basirar yara, ba a kuma rabu da ita a duniya baki ɗaya ba sai a 2021, sa'ad da Aljeriya ta daina sayar da irin wannan fetur. Wani sinadarin da aka maye gurbinta da shi, mai suna MTBE, sai ya riƙa tsiyaya daga tankunan gidajen mai yana ɓata ruwan rijiyoyi, har jihar Kalifoniya ta hana shi daga farkon 2004. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Etanol ne ya zo ya karɓi wannan aiki, wannan kuwa alheri ne wanda ko masu kushe shi ba su cika musun sa ba.

Na uku, da yake yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, yana taimakon fetur ya ƙone sosai, sai a sami raguwar iskar nan mai guba wadda ke kashe mutane idan sun kwana da janareto a ɗaki. Yana kuma rage sinadarin benzin mai jawo ciwon daji. An fi ganin wannan amfani a tsofaffin motoci.

Na huɗu, idan ya zube a ƙasa ko a ruwa, ƙwayoyin halitta suna cinye shi ba da daɗewa ba. A kwatanta da ƙasar Ogoni, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyara ɓarnar ɗanyen mai zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

LISSAFIN DA BA A GANI A SALANSA

To, jama'a, da a nan maganar ta tsaya, da ba mu da gardama. Amma kafin lita guda ta etanol ta iso tanki, an ƙona dizal a tarakta, an ƙona gas wajen yin takin zamani, an ƙona mai wajen jigila, an kuma hura wutar nan ta dafuwa da muka ambata. Dole a cire duk wannan daga ribar.

A nan ne rake da masara suka raba hanya. Idan aka matse rake, tuƙarsa ita ce makamashin masana'antar: da ita ake dafa tsimin, da ita ake juya injuna, har lantarki ya yi rara a sayar wa gari. Saboda haka a Birazil duk ma'auni guda na ƙarfin man ƙasa da aka kashe yana dawo da wajen takwas. Masana'antar masara kuwa ba ta da irin wannan gata, da gas take dafuwa, a da ma har da kwal, abin da take mayarwa bai fi ninki biyu ba, ko da 'yan kai. Haka kuma hekta guda ta rake tana ba da lita 6,000 zuwa 7,000, ta masara kuwa wajen 4,000. Da hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi nata lissafin a 2010, sai ta ce etanol ɗin rake ya fi fetur ƙarancin iskar ɗumama da kashi 61 cikin 100, na masara kuwa da kashi 21 kacal. Sinadarin ɗaya ne, ko a ɗakin gwaji ba a iya bambanta su, amma tasirinsu ga duniya ba ɗaya ba.

BATUN ƘASA

Babbar gardamar tana kan ƙasar noma. Daji da makiyaya rumbun kabon ne, a cikin itatuwa da saiwoyi da turɓaya. Ranar da aka sare aka kafta, rumbun ya fashe. A 2008 mujallar kimiyya ta Science ta buga bincike biyu da suka girgiza masu wannan harka. Na Joseph Fargione da abokan aikinsa ya nuna cewa share daji ko makiyaya don noman mai yana sakin kabon da ya ninka abin da man ke ragewa a shekara sau 17 zuwa 420, gwargwadon irin ƙasar. Na Timothy Searchinger da nasa abokan ya ƙara da cewa ko da a tsohuwar gona aka noma masarar, abincin da gonar ke bayarwa a da sai an noma shi a wani wuri, mai yiwuwa a wata ƙasa, can kuwa daji za a sare. Da ya haɗa wannan cikin lissafi, sai ya sami cewa etanol ɗin masara zai kusan ninka hayaƙin fetur cikin shekara 30.

Har yau masana ba su daidaita ba. A 2021 cibiyar bincike ta Argonne, mallakar gwamnatin Amurka, ta ce etanol ɗin masara ya fi fetur sauƙi da kashi 44 zuwa 52 cikin 100, saboda gonaki sun ƙara yabanya, masana'antu kuma sun rage cin wuta. Shekara guda bayan haka Tyler Lark na Jami'ar Wisconsin da abokansa suka ce a'a, idan aka ƙidaya sababbin filayen da aka kafta da ƙarin takin da aka zuba, mai yiwuwa ya fi fetur muni da aƙalla kashi 24. Abin lura a nan shi ne, saɓanin nasu kusan duka a kan ƙasa yake: nawa aka share, me kuma ke kanta da farko.

Rake ma bai kuɓuta ba. Gaskiya ne yawancinsa a kudancin Birazil ake noma shi, musamman jihar Sao Paulo, nesa ƙwarai da dajin Amazon. Amma idan gonar rake ta ci makiyaya, shanun ba ɓacewa suke yi ba, gaba ake kora su, ana kuma fargabar cewa gaban nan bakin daji ne.

RUWA DA ISKA

Masara shuka ce mai cin taki. Abin da ba ta sha ba, wani ya tashi sama ya zama iskar da ta fi iskar kabon riƙe zafi sau 270 da ɗoriya, wani kuma ruwan sama ya wanke shi zuwa kogin Misisipi, kogin ya kai shi Tekun Meksiko. Can sai gansakuka ta yi yawa, ta mutu ta ruɓe, ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. A 2017 faɗin wannan mataccen ruwa ya kai wajen murabba'in kilomita 22,700, ya fi jihar Kano girma. Ba etanol kaɗai ya jawo shi ba, amma duk abin da ya ƙara noman masara ya ƙara masa.

A wajen rake kuwa, kowace litar etanol tana barin lita 10 zuwa 15 na wani baƙin ruwa mai wari. A farkon shirin Birazil koguna ake zuba shi yana kashe kifi, sai da aka hana, aka koma mai da shi gona a matsayin taki. Haka kuma a da sai an cinna wa gonar rake wuta kafin a sare, toka ta rufe garuruwa, asibitoci su cika da masu ciwon ƙirji. Jihar Sao Paulo ta yi doka a 2002, ta kuma ƙulla yarjejeniya da masu masana'anta a 2007, aka koma yankan rake da inji ba tare da ƙuna ba. Sararin sama ya washe, sai dai dubban masu saran rake sun rasa aikinsu. Wannan ya nuna mana cewa wasu illolin suna da magani, in akwai hukuma mai bin doka.

Ko a salansa ma, ba duka ne alheri ba. Etanol yana ƙara wani sinadari mai suna asitaldehaid, wanda ke taimakawa wajen haɗuwar iskar ozon a kusa da ƙasa, mai ƙona huhu. Wani bincike da aka buga a 2014 ya gano cewa sa'ad da tsada ta sa direbobin birnin Sao Paulo suka koma fetur, ozon ya ragu da wajen kashi 20 cikin 100, ko da yake wasu iskokin masu guba sun ƙaru. Har ila yau etanol yana jan ruwa, yana kuma cin roba da wasu ƙarafa a tsofaffin injuna, abin da bai kamata ƙasa mai cike da tsofaffin motoci da babura da janareto ta manta da shi ba.

TANKI KO TUKUNYA

Buhun masara mai kilo 100 yana ba da etanol wajen lita 40. Ke nan cika tanki mai lita 50 sau ɗaya tak yana cin buhu guda da ɗoriya, abin da zai ci da mutum guda kusan wata shida. Adalci ne mu faɗi cewa masarar Amurka yawancinta ta dabbobi ce, kuma kusan sulusinta yana dawowa a matsayin dusa bayan an tace man. Duk da haka kasuwar hatsi ta duniya ɗaya ce. A watan Janairu 2007 dubban mutane suka yi zanga-zanga a birnin Meksiko saboda tsadar gurasar masara da suke rayuwa a kanta, a 2008 kuma aka yi tarzomar tsadar rayuwa a Haiti da Kamaru da Burkina Faso da Senegal. Dalilan suna da yawa: gangar mai ta kai dala 147, an yi fari a Ostireliya, wasu ƙasashe sun hana fitar da hatsi. Amma man gona yana cikinsu, har wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin samun abinci na lokacin, Jean Ziegler, ya kira mai da gonakin abinci gonakin mai laifi ga bil'adama.

An yi fatan a kauce wa wannan ta hanyar yin etanol daga kara da ciyawa da ɓawo, abubuwan da ba a ci. Dokar Amurka ta 2007 ta sa ran samun galan biliyan 16 na irin wannan mai a 2022. Shekarar ta zo ta wuce, ko kusa ba a kai ba, manyan masana'antun da aka gina dominsa yawancinsu an rufe su, domin narkar da kara ya zama sukari yana da wuya da tsada. A ɗaya gefen kuma an sami abokin takara. Shuka ba ta kama abin da ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na hasken rana, farantin sola kuwa yana kama wajen kashi 20. Hekta guda ta sola mai cajin motar lantarki tana kai mota tafiyar da ta ninka ta hektar masara sau gommai.

INA MUKA DOSA?

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Zimbabuwe ta buɗe masana'antar etanol a Triangle a 1980, Malawi ta bi sahu a Dwangwa a 1982, dukkansu kuwa da baƙin ruwan da ke saura bayan an tace sukari suka fara, watau abin da a da ba shi da wata daraja. Nijeriya ta fito da manufarta ta man gona a 2007, da nufin gauraya kashi 10 cikin 100, amma shirin bai kankama yadda aka tsara ba. Tun da mu ne muka fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, muna kuma da gonakin rake a Numan da Bacita da Sunti, lalle maganar za ta sake tasowa, wataƙila kuwa waɗansu daga cikin waɗanda ke zaune a wannan zaure ne za a miƙa wa takardun su sa hannu.

Ranar da haka ta faru, muna roƙon a yi tambayoyin nan tun kafin a aza tubali. Da me za a yi man: da ragowar masana'antar sukari, ko da rogon da ake yin gari da alabo da shi? Da me za a dafa shi: da tuƙar rake, ko da dizal, ko kuwa da itacen da za a saro daga ɗan dajin da ya rage mana? Ƙasar wa za a karɓa: ta manomi, ko burtali da makiyayar da ƙuntatarsu ta riga ta jawo zub da jini? Ruwan wa za a tare? Rake ba ya yi sai da ruwa mai yawa, mun kuwa ga yadda fadamun Haɗeja da Nguru suka ƙanƙance bayan an gina madatsun Tiga da Challawa. Ina kuma za a zuba baƙin ruwan? In amsoshin sun yi kyau, ɗan gauraye daga ragowar sukari zai amfane mu, ya tsabtace fetur, ya rage kuɗin da muke fitarwa waje. In kuwa ba su yi ba, za mu kasance muna tufka ana warwarewa: mu rage hayaƙi a birni, mu ƙara hamada da yunwa a karkara.

Wannan aiki ne na ɗaliban aikin gona da na kimiyyar sinadarai da injiniyoyi da masu nazarin tattalin arziki baki ɗaya, gama babu sashe guda da zai iya yin lissafin shi kaɗai. Waɗanda suka riga mu sun yi shekara hamsin suna gwadawa, sun bar mana nasararsu da kurakuransu a rubuce. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Malam Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.  Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu bar wa na bayanmu ƙasa mai albarka.